Wai Labulen Auta

Shekarun baya, lokacin da muka tare a gidanmu na Faskari, ɗakina tagogi biyu gare shi, duka suna kallon yamma. Da an yi la'asar rana za ta shigo ta baje mani a kan gado kamar da ita aka yi ginin. Kuɗi kuwa sun ƙare a siminti da kwanon rufi, ko fenti ba mu yi ba. Tsohon zani nake ratayawa da ƙusa, iska ta kaɗa ya faɗo, in tashi in mayar ina mita.

Wata rana na raka maƙwabciyata awo Funtuwa, na ga wani irin labule a tagar wani ofis. Ba tattara, ba jan ƙasa, daidai tagar kawai. A ja igiya ya naɗe kansa ya hau sama, a saki ya sauko. Na bi shi da kallo har aka kira mu ban ji ba. Da muka shiga kasuwa na tambayi kuɗinsa, mai shagon ya faɗi abin da zai sayi buhun masara, wai na taga ɗaya. Na ce mashi Allah ya ba da kasuwa, na ja mayafina.

Amma abin bai fita raina ba. Ina da tsohon keken ɗinki, ina da zannuwan da na gaji da ɗaurawa, kuma ni mutum ce mai taurin kai, wannan ko maigidana zai shaida.

Na farko da karan dawa na yi. Jama'a, kada wanda ya gwada. Kwana kaɗan karan ya lanƙwashe, labulen ya yi tumbi a tsakiya. Maigidana ya shigo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Wannan kuma watansa nawa?" Ban kula shi ba.

Na biyu na samo guntun fayif ɗin ruwa da masu gini suka bari, na zura mashi siririn rodi a ciki, na ɗora kan ƙusoshi biyu manya. Ya juya lafiya lau, sai dai yana naɗewa a karkace, gefe ɗaya ya riga ɗaya hawa. Na kwance, na sake, na kwance. Sai daga baya na gane yankan ne. Atamfa in ba ka zare zare ɗaya ka bi layinsa da almakashi ba, idonka zai ce maka ta miƙe alhali ƙarya ne. Na yi mashi shafi da farin alawayyo saboda rana, na sa sitaci na goge ya yi tsaye, na ɗinka aljihu a ƙasa na zura gwangwala don ta ba shi nauyi. Na naɗa igiya a ƙarshen fayif ɗin. Na ja. Ya hau sumul. Wallahi ranar sai da na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki.

Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo. Wata ta rantse daga Kano aka kawo mani. Maigidana da ke tsokanata shi ne ya koma jawo abokansa har ƙofar ɗaki, yana cewa, "Ja ki nuna masu." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma duk wannan yabon ba shi nake jira ba.

Ni ɗiyar fari ce. Mahaifiyata, Inna, irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da aka yaye ni gwaggona ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, cikin gida ɗaya a Daudawa. In Inna za ta aike ni sai ta ce, "Ke." In za ta yi maganata da wani, "waccan" ce, ko "ta Faskari" bayan na yi aure. Na saba, ban taɓa ɗaukar shi wani abu ba. Sai da na yi labulen nan na ji ina son, ko sau ɗaya, ta kalli aikin hannuna ta ce ya yi.

Dama ta samu da maigidana ya kwanta zazzaɓi, Inna ta zo dubiya. Na shimfiɗa mata tabarma daidai ƙarƙashin tagar. Na ja labule sama, wai iska ta shigo. Can na sauke, wai rana. Na sake ja. Babbar mace da 'ya'yana, ina ta wasa da igiya a kan tsohuwa. Ta ɗaga kai ta kalla, na ga ta kalla, sai ta ce, "Garin nan naku akwai zafi."

Da za ta tafi na daure na ce, "Inna, in yi maki irinsa a tagarki?"

Ta ce, "Bar shi. Asabarina ya ishe ni."

Na ce to. Na haɗiye.

Ana nan sai auren autarmu ya tashi, za a kai ta Ƙanƙara. Ita auta, kun dai san auta. A cinyar Inna ta girma, sunanta kuwa a bakin Inna yake tun safe har dare. Ina son ƙanwata, kada ku ji ni da wata manufa. Ni na ce a bar mani labulayen ɗakinta, na yi su da hannuna da sabuwar atamfa mai ruwan ganye, na je na kafa ranar jere. Masu ganin ɗaki suka bar gado, suka bar kwanuka, suka taru a taga suna ja suna saki har na ji tsoron za su tsinka.

Bayan biki auta ta kira ni. "Yaya, don Allah ki koya mani, matan nan sun dame ni."

Na koya mata tsaf, tun daga zare zaren har gwangwalar. Kafin shekara ta zagayo auta ta zama mai sana'a. Ana kawo mata aiki daga Yargoje, har daga Sabuwa ake aiko mata da awon taga a jikin igiya. Kullum na buɗe waya hoton sabon labule, ƙasansa addu'o'i da yabo. Abin da ya fi ci mani rai, nata ya fi nawa kyau. Tana bin bakinsa da leshi, tana haɗa launi yadda ni ban iya ba. In kalla in ce ma sha Allah da baki kawai. In aje wayar, in sake ɗauka, in buɗe hoton da yatsa ina neman inda ɗinki ya kauce. Ranar da na samu wani da ya ɗan karkace, yini na yi cikin nishaɗi. Allah ya yafe mana.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da babbar Sallah muka haɗu gida Daudawa. Ina shiga ɗakin Inna na iske babu asabari. Labulen naɗi ne a tagar, shuɗi, da leshi a baki. Inna zaune ƙarƙashinsa, ɗaki cike da mata 'yan barka da Sallah, tana ja masu igiya da kanta.

"Auta ce ta yi mani," in ji ta. "Yarinyar nan Allah ya yi mata hannu. Kun ga ko sauro ya rage shigowa."

Tagar da na roƙa aka ce in bari. An aje mani tuwon shinkafa da naman layya, na tura kwanon gefe.

Ita auta, tsakani da Allah, ba ta ci amanata ba. Ta ce, "Inna, ai Yaya ce ta koya mani. Ita ta fara."

Duk mata suka juyo suna kallona. Na sunkuyar da kai ina jira. Inna ta leƙa tsakar gida ta ce, "Wai ba wanda zai duba tukunyar can ne? Ina jin ƙauri."

Na tashi na shige ɗakin gwaggo. Ina zama sai hawaye, shaaa, kamar wadda aka yi wa mutuwa. Gwaggo ta tsorata, ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?" Da na faɗa mata sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ke dai an yi sakarya. A kan tsumma kike kuka?"

"Gwaggo, ba tsumma ba ne. Ni na fara tambayarta, ta ce asabari ya ishe ta."

"To in ta karɓi naki ta rataya, duk wanda ya shigo ya ce wa ya yi, ta ce wa? Ta buɗe baki gaban mutane ta yabi ɗiyar fari? Uwarki? Halan ba ki san ta ba. Ai gara ta zauna da asabarin har ya ruɓe."

Na ce, "To ni laifina ne da na riga kowa zuwa duniya?"

Ta ce, "Share majinarki ki je ki ci tuwo."

Na fahimci maganar gwaggo sarai, amma fahimtar ba ta rage mani komai ba. Na koma Faskari da kishina cik. Wata da watanni ban taka Daudawa ba, sai dai gaisuwa a waya. Ko labulen ɗakina na daina ja gaban baƙi.

Bayan damina gwaggo ta kira ni. Muka gaisa, ta ce, "Uwarki ta ba ni saƙo. Labulen nan ya ƙi hawa. Auta ta zo ta gyara, ya sake zamewa. Ta ce a faɗa wa ta Faskari, in ta samu sarari ta zo ta duba, ita ta san kansa."

Na ce, "Gwaggo, layin ba kyau, me ta ce?"

"Ƙarya kike, kin ji. Ta ce ke kika san kansa."

Sarari? Washegari da sassafe ina bakin tasha da almakashina a jaka.

Na iske labulen a sauke, ɗakin duhu. Ina dubawa na ga matsalar. Auta ɗaure igiyar ta yi a bayan fayif, shi kuwa santsi gare shi, da ya sha ja sai ƙullin ya riƙa zamewa, igiya na juyawa fayif na tsaye. Ni a nawa hudawa nake in zura igiyar ciki in ƙulle. Ba ɓoye mata na yi ba, mantawa na yi, ita kuma ba ta tambaya ba. Na sa ƙusa a murhu ta yi ja, na huda, na zura sabuwar igiya, na naɗa. Inna tana zaune bakin ƙofa ta ba ni baya, tana ɓarar gyaɗa, kamar ba ta san da mutum a ɗakin ba.

Ina kan kujera sai ga wata tsohuwa maƙwabciya ta yi sallama. Ta leƙo ta ga ƙafafun mutum a sama, ta ce, "Auta ce ta dawo gyaran?"

Na tsaya cak da igiya a hannu.

Inna ba ta juyo ba, ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba. Ta ce, "A'a. Mai abin ce ta zo da kanta."

Jama'a, na kusa faɗowa daga kujerar nan. Na ja igiya labule ya hau, haske ya cika ɗaki, ni kuwa na kafe fuskata a taga ina ta gyaran abin da ya riga ya gyaru, don kada su ga idona. Da zan tafi Inna ta tura mani ƙullin gyaɗar da ƙafa, ta ce, "Ke, kai wa yara."

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya sauya. Sati bai cika ba aka ji ta tana gaya wa baƙi labulen auta ne. Har gobe haka take cewa, kuma har gobe in na ji sai abin ya sosa mani rai. Na daina yi wa kaina faɗa a kai. Na gane kishin nan ba da auta nake yi ba, ba kuma a kan labule ba ne. Ita tana samun nata yabon a fili kullum, ni nawa sai an yi sa'a ya faɗo ta gefen baki, in tsince shi in adana.

Igiyar da na sa mata ta auduga ce, irin mai arha. Ba ta wuce shekara take cinyewa ta tsinke, sai gwaggo ta kira ta ce ana neman ta Faskari. Na san akwai ta roba mai ƙwari a kasuwa. Ban taɓa saye ba.

Bara auta ta lura. Ta sayo ta robar, doguwa, ta kai wa Inna ta ce a ba Yaya ta sa, an huta da tsinkewa. Da ta audugar ta tsinke aka kira ni kamar kullum. Ina shiga gida na hangi igiyar auta ɗaure a jikin gugan rijiya, har ta fara kore. Na kalli Inna, ta kalli gefe. Na shiga ɗaki na hau kujera, na ciro ta audugar daga jakata.