Sista Martina Mai Ƙwace Taɓarya

Kullum kafin rana ta yi zafi, Sista Martina ta riga ta share ɗakin awon ciki na garinmu Sara, ta dafa alluranta, ta ɗaure akwati a bayan keke. Litinin awo, Laraba ƙauyen Maruta, sauran kwanakin kuwa duk gidan da ta ji ƙishin-ƙishin akwai mai ciki. Tun shekarar mulkin kai ta zo mana daga kudancin Zariya, siririya, Hausarta a karkace. Shekara ashirin ke nan. Watan nan za ta ajiye aiki, na ce to sai na faɗi nata labarin, tunda na kowa ma ina faɗa.

Matanmu ba sa faɗin ciki, balle na fari. Ita kuma ba ta jira a gaya mata. Wurin kitso take zama, ta ji wa ta fara tofar da yawu, wa ta tsani warin daddawa. Gobe sai ga kekenta a ƙofar gidan, da ƙwayar ƙarin jini da maganin zazzaɓin sauro. Ta ce a ci zogale, a ci wake da hanta da ƙwai. Muka ce ƙwai yana sa ɗa ya tashi ɓarawo. Ta ce, "Inna, ɓarayin awakin garin nan, uwar wanne ce ta ci ƙwai?" Masu tallar kafso a kasuwa kuwa ta hana su sakat, don ta ce ƙwayar da ba a san kanta ba tana iya taɓa halittar ɗa tun ciki bai fito ba.

Amma abin da ya sa mata suna, maganar Hapsatu ce, matar Ɗanbala na Maruta. Haihuwa uku ta yi, duka bakwaini, ba wanda ya kai ranar suna. Ga ciki na huɗu ya kai wata biyar. Mu dai abin da muka gada shi ne mai ciki ta yi ta daka, haihuwa ta zo da sauƙi, kuma surukarta Inna Turai ba ta wasa da wannan. Sista ta shiga ta tarar da Hapsatu tana surfen gidan mutum goma sha biyar, ƙafafu a kumbure. Ta karɓi taɓaryar ta saɓa a kafaɗa.

Inna Turai ta ce, "Sista, ina za ki kai mana taɓarya?"

"Asibiti, Inna. An ba ta gado."

"Ni da na haifi tara ina daka fa?"

"Allah ya raya miki su. Ita uku ta binne. Cikinta ba irin naki ba ne."

Suka aro ta maƙwabta, ta dawo ta ɗauke. Suka sake arowa, ta sake ɗaukewa. Daga nan duk unguwar ba mai ba su aro. Ƙannen Ɗanbala suka koma surfe a wani gida, shi kuma da idona na gan shi da buhu a keke, zai kai niƙa Gwaram, abokansa na ce masa, "Uwargida, a sauka lafiya." Hapsatu ta huta, duk sati Sista na duba ta. Ciki ya wuce bakwai, gidan ba mai ko tari da ƙarfi. Ya cika tara, ta haifi mace ranar Juma'a, ƙatuwa, aka sa mata Jummai. Ranar suna Sista ta zo da taɓare uku a ɗaure a keke. Inna Turai ce ta fara guɗa.

Sista, ke ce mai ƙwace don a samu. Ke ce ba ki sallah tare da mu, amma ba sunan da ake yi ba a ajiye miki ƙwaryarki ba. Da arzikin man fetur ya zo aka ba ki babur, kika ce keke ya fi shiga lungu.

Makon jiya ina ɗakin awo, ciwon gwiwa ya kai ni ba gulma ba, sai ga Jummai ɗiyar Hapsatu, amaryar bara. Kunya ta hana ta faɗin tana da ciki. Ta dai jingina taɓaryarta a bango, ta zauna a layi.

Mun gode, Sista, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma surukai da mazaje, mai keken ta gaji. Daga yau wanda ya ga mai ciki a bakin turmi, ya karɓi taɓaryar da kansa.