Gangar da aka tura gabana

Sati uku da cire min nono na hagu, na daina magana. 'Yata ta dawo daga makaranta ta ce "Mummy, are you ok?" sai in gyaɗa kai in juya wa bango. Mijina yana fita aiki zan zauna a gidanmu na unguwar Thamesmead, a ƙasar Turawa, ina kallon siminti ta taga har la'asar.

Nas ɗin da ke duba ciwona ce ta sa sunana a zaman kiɗa na mata masu cutar daji irina, ranar Alhamis. Na ce mata, "Kiɗa zai dawo min da abin da aka yanke?" Ta ce a'a. Na je ne don ɗakin ya ishe ni.

Mu shida ne, kowa da ɗankwali ko hula a kanta. Wata Baturiya mai jita da ke jagorantar zaman ta ce kowacce ta kawo waƙar da take so. Da aka zo kaina na ce ba ni da ita. Na sunkuya na ce innalillahi a hankali.

Wata dattijuwa a gefena, Hajiya ake ce mata, ta waigo. "'Yata, kai Hausa ne?" 'Yar zongon Kumasi ce, cutar ta kai mata ƙashi. Ta tura min ƙaramar ganga da ƙafa. "Buga. Ba sai ka iya ba."

Ta fara rera irin waƙar rarrashin jariri, muryarta a dishe. Na buga sau ɗaya, ɗinkin hammatata ya ja. Na sake bugawa da ƙarfi, na sake, sai wani ihu ya fito min wanda ban san yana cikina ba. Na yi ta kuka ina cewa da Hausa ba na son in mutu, 'yata shekararta tara. Ba wadda ta ce in yi haƙuri. Mai jitar ta bi bugun nawa kawai, Hajiya ta riƙe min gwiwa.

Alhamis huɗu muka yi tare. A ta biyar kujerarta ba kowa. Na tambayi Baturiyar, ta ce ba ta da izinin faɗa min komai, idonta ya kawo ruwa. Ko lambar Hajiya ban karɓa ba.

Na fito na tsaya a tashar bas. Bas biyu suka wuce ni. Washegari ne likita zai faɗa min sakamakon hoton ƙirjina.