Baba Ya Dasa Asamen a Adogi

'Yata ta fari tana aji huɗu a firamaren gwamnati da ke bayan layinmu, amma in ka ɗaga jakar makarantarta sai ka rantse buhun siminti aka aike ta ta kai wa magina. Ranar da na ɗauke ta a Keke na jefa jakar a baya, wallahi sai da tayar gaba ta ɗaga sama. To, na yarda, batun taya ƙari ne. Amma jakar da nauyi.

Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Uwata nake kiranta. Kullum in ta dawo, kafin ta cire takalmi za ka ji, "Baba, an ba mu asamen." Lissafi shafi biyu. Turanci shafi uku. A zana kifi a rubuta sunayen sassan jikinsa. Ni da na shekara arba'in ina cin kifi, iyakar sanina kai ne da tsakiya da jela, ashe wai har da wasu sassan da ba a sanar da ni ba. Maman yara ta riƙe ɓangaren lissafi, ni na riƙe duk abin da ke buƙatar surutu, ƙanwar matata kuma ita ce ministar zane. Mu dai yarinya ɗaya muka kai makaranta, ashe gida guda aka yi wa rajista.

Sai ga wani asamen da ya zo daban. Malamar kimiyyarsu, wata doguwar mata 'yar ƙabilar Eggon da yaran ke kira Anti, ta ce kowa ya shuka ƙwayar masara ɗaya a gwangwani, ya riƙa ba ta ruwa, kullum ya auna tsawonta da rula ya rubuta a littafi. Bayan mako uku, ranar Litinin, a kawo gwangwani da littafi. Shi ne gwajin zangon. Wanda ya zo hannu biyu, sifili.

Na miƙe zan nemo gwangwani, sai Uwata ta tare ni.

"Baba, wannan ni kaɗai zan yi."

"Ke kaɗai? Ni fa ɗan manomi ne. Masara in ta gan ni gaishe ni take yi."

"Ni dai kada kowa ya taɓa."

Ban taɓa jin ta faɗi haka a kan wani aikin makaranta ba. Yarinyar da kullum take tsakiyar aji, ba ta gaba ba ta baya, ba a taɓa tafa mata ba, ba a taɓa dukanta ba. Ta samo gwangwanin tumatir babba, ta huda gindinsa da ƙusa, ta ajiye shi a kan katangar bayan kicin inda akuyar maƙwabta ba ta kaiwa. Da safe kafin ta sha koko sai ta auna. Ranar da tsiron ya leƙo, ihun da ta yi na ɗauka gobara ce, na fito da bokiti.

Ana saura kwana huɗu a kai, ranar Alhamis, mahaifina ya shigo gari daga ƙauyenmu Adogi karɓar maganin ido. Baba manomi ne irin wanda in ya ga ƙasa a zaune ba shuka sai ransa ya ɓaci. Ni ina bakin aiki, Uwata tana makaranta, Maman yara ta leƙa kasuwa ta bar shi yana hutawa a tsakar gida. Da ta dawo ya riga ya kama hanya. Ya bar mana doya biyar a ƙofar ɗaki, da gwangwanin tumatir a wanke tas, a kife a kan turmi.

Na dawo cin abincin rana na tarar da Uwata zaune a ƙasa da gwangwani a cinya. Ba ta ihu, ba ta birgima, hawaye ne kawai ke sauka. Da ihu ta yi da na san yadda zan yi da ita.

Na kira Baba a waya.

"Baba, ka ga wata masara a gwangwani?"

"Na gani. Wane marar imani ne ya ɗaure ta a ciki?"

"Aikin makaranta ne, Baba!"

"Makarantar ce ta ce a azabtar da abinci? Ina da gurbi a gona inda tsuntsu ya tone iri, na dasa ta a can. Ka gaishe min da amaryata."

Ya kashe wayarsa. Amaryar tasa, wato jikarsa, tana jin komai.

Na ce mata, "Uwata, share hawayenki. Ubanki ne fa ni. Garin nan kaf babu lungun da ban sani ba. Gobe masararki za ta dawo."

Washegari na kai wasu ɗalibai garin Shabu. A hanyar dawowa na ga gonar masara a bakin titi, na tsaya kamar mai duba taya, na waiga hagu na waiga dama, na tumɓuke guda ɗaya da ƙasarta na cusa a leda. Allah Ya yafe min, mai gonar ma ya yafe. Da yake ni ba na son ƙaramin abu, sai na zaɓo wadda ta fi kowace ƙiba. Na dasa ta a gwangwani, na daddanna ƙasa, na yayyafa ruwa, na kira Uwata ina murmushi.

Ta dube ta sama da ƙasa. Ta shiga ɗaki ta fito da rula. Rular ta ƙare, masara ba ta ƙare ba.

"Baba, wannan ba tawa ba ce."

"Taki ce. Iskar ƙauye ta sha kwana ɗaya, shi ne ta yi jiki. Ke ma in kin je hutu ba ƙiba kike yi ba?"

"Tawa ganyenta biyar. Wannan tara. Kuma tawa na ɗiga mata jan biro a ganye na biyu."

"To kawo biron mana."

Maman yara da ke tankaɗe a gefe ta ce, "Maigida, ka ji kunya. Yarinya na neman abinta, kai kana neman biro."

"Anti za ta duba littafina," in ji Uwata. "Ran Alhamis na rubuta tsawonta. Ta yaya za ta ninka a kwana huɗu? Cewa za ta yi ƙarya na yi tun daga farko."

Nan na gane. Ni sifilin nake gudu, ita kuwa abin da take gudu a ce mako ukun nan da ta yi ƙarya ne.

Ranar Asabar da safe na ari mashin ɗin maƙwabcina, don hanyar gonar Baba in Keke ta shiga da damina sai an haɗa da addu'a da majiya ƙarfi shida kafin ta fito. Uwata ta hau baya, gwangwani a hannu, rula da littafi a leda. Muka tarar da Baba a gona. Masara ce iyakar ganinka, kowace irin 'yar'uwarta sak. Na ce a raina, yau ko jami'an tsaro aka kawo ba za su gano ta ba.

"Amarya!" in ji Baba. "Kin biyo ni har gona? Na faɗa wa mutane ba kya iya kwana biyu ba ki gan ni ba."

"Ni ba amaryarka ba ce, Kaka. Ɓarawon masara kawai."

"Ɓarawo? Ceto na yi. Zo ki gani."

Ko waiwaye bai yi ba. Ya wuce gindin mangwaro, ya ƙirga kunya uku, ya taka kaɗan ya tsaya. Ga ta nan, 'yar siririya a tsakanin manya, da ɗigon jan biro a ganye na biyu. Mutumin da ke shan maganin ido ke nan.

Uwata ta durƙusa ta auna. Ta ƙaru kaɗan. Ta rubuta, sannan ta miƙa wa Baba gwangwani.

"Mayar min."

Baba ya tsuguna kusa da ita, ya daina wasa. "Zan iya mayar miki. Amma ki ji. Ranar da na zare ta, saiwarta ta nannaɗe gwangwanin nan kamar gammo, ta rasa inda za ta bi. Kin ga ganyen ƙasa ya fara ja? Yunwa ce. Yanzu ta fara kama ƙasa. In aka sake tumɓuke ta, za ta kai Litinin a tsaye, amma ba za ta kai wata Litinin ɗin ba."

Na ce, "Baba, mu Litinin ɗaya muke nema. Ta biyun ba ta cikin jarrabawa."

Ya juya harshe zuwa yarenmu ya faɗa min magana biyu da ba zan rubuta ba. Uwata ba ta jin yaren sosai, amma ta gane, don ta yi dariyar farko tun ranar Alhamis.

Ta daɗe a tsugune tana shafa ganyen. Ni ina ta lissafin yadda zan zare abin nan in Baba ya juya baya. Can ta miƙe ta karkaɗe gwiwa.

"A bar ta."

Na ce, "Uwata, sifili fa."

"A bar ta. Amma kai za ka raka ni wurin Anti."

Ni? Ni da rabona da shiga aji tun ina da gashi a tsakiyar kai? Na ɗauki hotonta da waya, ita da rula da masara, Baba ya cusa kansa a gefe ya gyara hula kamar gwamna ya zo buɗe aiki.

Ranar Litinin na sa shaddata ta Juma'a. Muka shiga aji, yara sun fi sittin, kowa da gwangwani a gabansa, wasu tsiron ya tsaya, wasu ya kwanta, wani yaro ma ciyawa ce zalla ya reno mako uku bai sani ba. Uwata ta ajiye nata gwangwanin, a wanke tas, ba ko ƙasa.

Anti ta dube shi ta dube ni. "Oga, lafiya? Ina masara?"

Na gyara murya. "Malama, abin da ya faru babba ne. Ranar Alhamis wata guguwa ta taso daga gabas..."

"Baba," in ji Uwata. "Ba haka aka yi ba."

Aji ya fashe da dariya. Na ce, "To guguwar ce dai, amma da hula ta zo."

Anti ta ɗaga hannu aka yi tsit. "Ke, faɗa min."

Uwata ta faɗa tiryan-tiryan. Na miƙa waya aka ga hoto. Anti ta buɗe littafin tana bin awon da yatsa, rana bayan rana, har ta zo kan na Asabar.

"Ni gwangwani na ce a kawo, ban ce hoto ba. Kin je har gonar, me ya hana ki ciro ta?"

"Za ta mutu, Anti. Saiwarta ta cika gwangwani, ta nannaɗe, ba ta da wurin zuwa. Shi ya sa ganyen ƙasa yake ja."

"Wa ya faɗa miki?"

"Kakana."

Anti ta koma gaban aji. Ta ɗauki gwangwanin da ita kanta ta shuka na misali a kan tebur, ta kifa shi a tafin hannu ta bubbuga. Ƙasar ta fito dunƙule, farar saiwa ta zagaye ta kamar an naɗa zare. Yara suka taso suna leƙe, kowa ya koma yana duba ganyen ƙasan tasa masarar.

"Kakanki ya je makaranta?"

Na yi caraf na ce, "Ko ƙofar bai sani ba."

"Oga, ba kai na tambaya ba." Ta ɗauki jan biro. "Takwas cikin goma. Biyun da suka rage suna hannuna. Duk Asabar ki je ki auna ta, har ta yi goyo. Ranar da na ga goyon a kan teburin nan, zan cika miki. Ku tafa mata."

Aka tafa. Uwata ta sunkuyar da kai tana murmushi, ni ma ina tafawa da ƙarfi har na fi yaran, sai a tsakiyar tafin maganar ta iso min kwanya. Duk Asabar. Adogi. Wa zai kai ta?

Haka na koma ɗan aiken masara. Asabar ta farko, ina zaune a gindin mangwaro ina jiran a gama awo, sai ga Baba da fartanya.

"Tunda ka zo."

Shekara ashirin da na gudo birni don kada in sake riƙe abin nan. Na ce bayana na ciwo, ya ce fartanya ce maganinsa. Na ce ina da fasinja, ya ce su hau wata Keken. Kafin damina ta ƙare na nome kunyoyin da in aka jera su za su kai Akwanga su dawo. Jika da kaka kuwa suna can inuwa, ita tana koya masa karanta lambobin rula, shi yana koya mata sunayen ciyayi da yarenmu. Da rula ta kasa, tef ɗin tela muka aro. Da masara ta wuce kanta, a wuyana take hawa ta auna.

Goyo biyu ta yi, manya. Ɗaya Uwata ta naɗe a takarda, ta ajiye sai an koma makaranta ta kai wa Anti. Na miƙa hannu zan karɓi ɗayan, har na fara jin ƙamshin gashi a hancina, Baba ya buge min hannu.

"Wannan iri ne. Amaryata za ta shuka baɗi, kunya guda na ware mata."

"Ni fa, Baba? Ni da na yi noman?"

"Kai ma an ware maka," in ji shi. "Kai za ka riƙa kawo amaryata."