Kwanon da ya zo babu komai

A da, a unguwarmu ta Gumel, magidanci ba ya cin tuwo shi kaɗai. Bayan magariba kowa zai fito da kwanonsa a yi ciyayya a ƙofar gida. Yanzu yawanci an koma ɗaki, amma mu biyar mun riƙe tabarmarmu.

Ɗaya daga cikinmu dillalin raƙuma ne a kasuwar Maigatari. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk suna Kano. Aka share makoki, aka ce masa ya yi haƙuri, shi ke nan. Ya ci gaba da fitowa da kwanonta mai murfi. Loma ɗaya muka yi muka gane tuwon tasha ne yake sayowa ya juye, don kada a ce ya zama gwauro. Ba wanda ya tanka. In an ce "Yaya gida?" sai ya ce "Lafiya lau."

Na zauna a Damagaram da Kumasi da Kartum, na ji yadda ake kiran kewa a harsuna dabam-dabam. Ko'ina a bakin mata na fi jin ta. Yayata ma da ta yi takaba, a fili take cewa kewa ta ishe ta, ɗakinta kuwa bai rabu da mata ba. Da na ba ta labarin kwanon, sai ta ce, "Ku maza, sai mutum ya mutu ku ce ashe yana ciwo."

Wata biyar ana haka. Ran nan dillalin ya ajiye kwanon, ya buɗe da kansa. Babu komai ciki.

"Yau ban sayo ba," in ji shi. "Na gaji. Ba yunwa ke damuna ba. In na dawo kasuwa babu mai ce mini sannu da zuwa."

Ban taɓa ganin jarumta irin wannan ba. Can babbanmu, wani tsohon malamin makaranta, ya ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji, mun huta da miyar tasha!"

Dillalin ya yi dariya har da ƙwalla. Kowa ya gutsuro tuwo ya sa masa.

Tun daga ranar, duk Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, da la'asar ɗayanmu na zaune a zaurensa yana jiran dawowarsa. A tabarmarmu kuma, in an tambayi mutum gida, ba dole ya ce lafiya lau ba.