Ranar da Kawu Ya Sha Jan Kati

Kawuna ya shekara talatin yana alƙalancin ƙwallo, kuma ko bayan ya yi ritaya bai ajiye usur ba. Da wata tsuntsuwa ta yi sheƙa cikin tsohon takalminsa a rumfar kayan lambu, sai ya ja layi da toka a bakin ƙofa. Na taka layin, ya ba ni katin gargaɗi. Kyanwar maƙwabta kuwa sau huɗu tana shan jan kati.

Rannan matarsa ta zo ɗaukar fartanya, ya busa mata usur. Tsuntsuwar ta firgita ta tashi.

"To Malam, wa ya kore ta yanzu?" in ji matar.

Kawu ya sa hannu a aljihu. Ya zaro jan kati, ya nuna wa kansa, ya fice. Kwana uku bai taka lambun ba.