Akwati a Kan Reshen Gawo

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina fito a Gulbin Maraɗi, amma ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ƙuri'ar tsarin mulki, cikin damanar 1999, lokacin riƙon ƙwarya. Ku da kuka zo zamanin gada, fito shi ne ƙetarar da mutane a jirgi. Ni ne matuƙin da buro, wato ofishin gwamnati na Gidan Rumji, ya ɗauka don wannan aiki.

Jirgina na katako ne, mai cin mutum biyar har da ni. Gabansa muke kira goshi. A gindinsa nake tsayawa da gwangwala, doguwar sandar da ake dogara ƙasa a tura. In ruwa ya fi ƙarfinta sai a koma filafili. Dokarmu ɗaya ce: bayan an yi lodi, matuƙi ya sa tafin hannu tsakanin ruwa da bakin jirgi. In tafin bai shiga ba, ba a kwance igiya daga turke.

Da hantsi mota ta sauke akwatin ƙuri'a na wani ƙauye da ke ƙetare, ta wajen Sae Sabuwa. Tare da shi akwai mataimakin kwamandan gunduma, jandarma ɗaya da wakilan jam'iyyu shida. An kwana ana ruwa, gulbi ya cika yana tafe da itace. Ƙa'ida kuwa ita ce in akwati bai isa an buɗe rumfar zaɓe a ranar ba, mutanen ƙauyen sun rasa ƙuri'arsu. Muna hangensu can sun yi cincirindo suna jira.

Ashe wakilan nan ba wanda ya yarda da wani. Kowa ya ce ƙafarsa ƙafar akwati. Kafin in yi magana duk sun duru ciki, har wani mai babbar riga ya hau kan ƙwaryar da nake kwarfe ruwa. Na sa hannu, yatsa biyu kawai suka shiga.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ni kwance igiyag ga."

Mataimaki ya ce, "Abdu, mi kake nuhi? Umurni ne. In ba ka iyawa, gobe mu nemi wani."

"Ku nemi wani gobe. Yau dai in munka tahi haka, ba mu kai tsakiya."

'Ya'ya bakwai gare ni, amma na riƙe igiyar gam. Aka yi ta cacar baki har rana ta take. Na ce su rabu biyu, suka ƙi, wai waɗanda suka riga isa za su cusa takardu. Haushi ya kama ni, ga mutane can suna ɗaga mana hannu.

Sai idona ya faɗa kan wani gawo a bakin gaɓar can. Na ce kowa ya fita. Na ɗaure akwatin a goshi, inda kowa ke ganinsa, na ja jirgi sama da mashigi don ruwa ya karkato da ni daidai, na ƙetara ni kaɗai. Da igiyar jirgin na rataye akwatin a reshe, yana lilo, sama da kan kowa. Sannan na kwaso su sawu biyu, kowa ya zauna dirshan a ƙasan jirgi, idonsa kyar a kan gawo. Mai babbar riga da kansa ya riƙa kwarfe ruwa, bakinsa yana ta salati.

Da azahar aka buɗe rumfa. Wata tsohuwa ta fito da tawada a yatsa, ta tsaya kaina ina wanke laka, ta ce, "Tun asuba nike nan, ɗana. Da ba ku zo ba, da na ce ba a ƙirga mu cikin mutane."

Ba a kore ni ba, ba a kuma gode mini ba. Abin da na koya shi ne, manya ba su jin "a'a" tsurarta. In za ka ƙi umurni a bakin ruwa, to ka tabbata ka kai mutane inda suke son zuwa, kuma da ransu.