Rumfar Gogo Yelwa a Gindin Tsamiya

Daga Allah muke, ga shi Gogo Yelwa ta riga mu komawa gare shi. Ta cika ranar Talata, bakwai ga watan Nuwamba na 1961, da hantsi, a ɗakinta da ke bayan kasuwar Cadawa, bayan wani zazzaɓi da bai daɗe da kwantar da ita ba. Ni Abdulmumini tela, wanda rumfarsa ke kallon tata, na ɗauki alƙalami da baƙin ciki biyu: na rashinki, Gogo, da na ganin mutumin da ya zauna a sahun gaba yana karɓar gaisuwarki.

Kunun kanwa kike sayarwa a gindin tsamiyar da ke gaban buro, wato ofishin hukuma. Duk mai goyon da ta zo cin kasuwa, daga Gangara ko daga ƙauyukan Agiye, ta san inda za ta sauke ɗanta daga baya. Tabarmarki a shimfiɗe take, randarki cike da ruwa. Ki cika ludayi ki miƙa mata, ki ce ta sha nono ya kawo. Ban taɓa jin kin tambayi wata ko 'yar wane ce ba.

Sai aka samu mulkin kai, aka ɗora Rabo a kan kasuwa. Ya ɗan zauna a lakol, makarantar boko, ya dawo mana da wando mai guga da hular da ba ta tare rana. Dokarsa ta farko ba a kan masu tauye mudu ta faɗa ba, a kan jarirai ta faɗa. Wai kada mace ta ƙara fitar da nono a gaban buro ko wajen sikelin gyaɗa, don manyan baƙi na wucewa a mota, za su ce ba mu waye ba. Ya nuna masu wuri bayan mahauta, inda ake zubar da kayan ciki, ƙuda baƙi ƙirin. Nasara da duk muguntarsa bai taɓa tunanin wannan ba, sai namu ɗan gari. Na ga mata suna zagawa can, suna kore ƙuda daga bakin 'ya'yansu da gefen zane.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta Fadimatu, wata 'yar Fulani mai tallan nono daga rugar Gangara. Ɗan fari ne a bayanta. Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle ga surukinta can yana cinikin tumaki. Ga kunya, ga dokar Rabo. Yaron ya yi ta kuka tun safe har muryarsa ta dushe, maɗigarsa ta faɗa, ita kuwa tana zaune kusa da ƙwaryarta, gaban rigarta jiƙe da nono, hawaye na zuba, ba ta juya ba. Mu maza muna ji, muna ta ɗinkinmu da cinikinmu.

Ke kika tashi, Gogo. Kika kwance yaron daga bayanta, kika ɗaga shi sama inda surukin zai gani, kika ce da ƙarfi: "Daga yau wannan ɗana ne. Ke yarinya, zo ki shayar mani da shi, aiki na sa ki." Kunya ba ta hana yin aiken babba. Ta zo ta zauna a tabarmarki, ta sa masa nono, kasuwa ta ji shiru.

Ba a jima ba sai ga Rabo da sandarsa, yana cewa a tashi a koma bayan mahauta, ko ya kira jandarma. Ba ki ko ajiye ludayi ba. Kika ce: "Rabo, lokacin da uwarka ta kwanta ciwo, a gindin tsamiyar nan na ba ka nonona har ka yi haƙori. Bayan mahauta na kai ka?" Da mai kunya ne, da ya cire hular nan ya durƙusa. Juyawa ya yi, kashegari ya aiko aka rushe rumfarki. Kika nemi kara kika sake kafa ta. Ya sake rushewa, kika sake kafawa, da bayanki da ya riga ya ranƙwafa. Tun daga nan mata suka daina zagawa wajen ƙuda.

Shi ne yanzu ya shimfiɗa buzu a ƙofar gidanki, wai shi ɗanki ne na shayarwa, ana ce masa ya haƙuri yana amsawa. Tir da wannan fuska. Kuma bai ɓoye ba, ya faɗa wa mutanensa cewa da an yi sadakar arba'in zai share rumfar, ya ja shingen buro ya haɗa da tsamiyar. Jira yake ƙasar kabarinki ta bushe.

To, ya ji daga bakina. Matata Kande ta ɗauki randarki da ludayinki. Ranar kasuwar da ta wuce ita ta dama kunun, ni kuma na janye kekena na ɗinki na kai shi gindin tsamiya. Fadimatu ta zo da yaronki, yana tafiya da ƙafarsa, yana leƙa rumfa yana nemanki. Masu goyo sun cika tabarma har sun zuba a ƙasa. Wanda zai ja shinge, sai ya fara ɗaga mu.

Allah ya jiƙanki, Gogo Yelwa. Ya yafe maki kurakuranki, ya sanyaya makwancinki yadda kika sanyaya cikin 'ya'yan mutane, ya shayar da ke daga tafkin Manzonsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Na'Allah, da 'yarki Hauwa, da jikokinki, da duk macen da ta taɓa sauke goyo a tabarmarki. Allah ya ba mu haƙuri.

Rabo kuwa, na wuce ta gabansa ban ba shi hannu ba. Nonon da ya sha ne zai yi masa tambaya ranar da babu buro.